Ashariyar Maame Kukua

Da taron ya tafi yadda aka tsara shi a takarda, da ran Litinin zan yi jawabina, in sauko, in ci shinkafar otal, in koma ofis ba wanda ya ji ba wanda ya gani. To amma babban baƙo ya makara da awa uku, kuma a jami'armu ba a fara komai sai babban baƙo ya zauna ya sha ruwa. Da aka zo rage shirin, sai aka tura ni Talata da safe. Farfesa Amissah, shugaban ɗakin karatu kuma uban taron, shi ya faɗa mini a bakin ƙofa yana dafa kafaɗata kamar wanda ya yi mini alheri. A Cape Coast aka haife shi, amma a gidan bene, bai taɓa jan koma ba. Bai san abin da Talata take nufi a bakin teku ba.

Ran Talata ba kwalekwalen da ke shiga ruwa. Masunta suna zaune a gindin kwakwa suna ɗinkin koma, mata masu bandar kifi sun hutar da murhu, kowa yana da lokacin zuwa inda ba a gayyace shi ba. Ni kuwa na riga na yi wautar gayyata.

Sunana Fiifi Entsie, ina koyar da nazarin zamantakewa. Shekara uku na yi ina ɗaukar hirar mutanen ƙauyenmu, Otukrom, a kan rayuwar kamun kifi da banda, har na tara hira sittin da biyu. Wadda ta fi kowace ita ce ta Maame Kukua, yayar mahaifiyata, wadda ta raine ni tun ina ɗan shekara shida bayan rasuwar ƙanwar tata. Ita ce shugabar matan zumunta a cocinmu, kuma a iya sanina da ita ban taɓa jin ta ce wa ko akuya 'yar banza ba. In ranta ya ɓaci sai ta yi shiru ta dube ka, kuma wanda ya taɓa shan wannan kallon ya san zagi ya fi sauƙi.

Shekara biyu tana ƙin hirar. Ta ce bakinta ba rediyo ba ne da za a murɗa. Abin da ya sauya mata ra'ayi shi ne ranar da na ba ta labarin rumbun da jami'a ke ginawa a kwamfuta, inda za a ajiye duk abin da masu bincike suka tattaro a bar shi a buɗe, kowa a duniya ya saurara. Ta tambaye ni ko gara tana cin abin da ke ciki, na ce a'a. Ta tambaya ko ruwa yana kai wa wurin, na ce a'a. Ta tambaya ko zai wuce ta a duniya, na ce zai wuce ni ma. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauro zanen zuwa coci, ta zauna ta ce in kunna.

Na san abin da take so a ajiye. Shekara talatin da bakwai da suka wuce wani kwalekwale ya fita daga Otukrom da mutum goma sha ɗaya, bai dawo ba, teku kuma bai mayar da ko ɗaya ba. Ba su da kabari. Abin da suke da shi kawai shi ne Maame Kukua, wadda ke kiran sunayensu a jere duk shekara a bakin ruwa. Sa'o'inta suna ta ƙarewa, yaran yanzu kuwa ko uku ba za su iya kawowa ba. Kafin ta fara sai da ta sa na yi mata alkawari da bakina cewa sunayen nan za su shiga rumbun, duk wanda ya buɗe ya ji su. Na yi alkawarin ba tare da ko ƙifta ido ba.

Daga baya aka fara shirin taron bita, sai Farfesa Amissah ya tara mu ya kafa doka: ba sunan ɗan Adam da zai shiga rumbunsa. A sakaya kowa. Kalmar nan ta kama bakinsa har in ya tambaye ka lafiyar iyali sai ka ji kamar zai ce ka sakaya su. Ya samo wata manhaja da ke sauraron hira, duk inda ta ji suna sai ta danne shi da ƙara. Takardar amincewa da mutane suka dangwala mini tana da gurbi biyu, na a faɗi suna da na a sakaya, ni kuma tun farko na bi na yi maki a na sakayawa a duka sittin da biyun, don in na tsaya yi wa kowane tsoho bayani sai damina ta wuce. Saboda haka na zuba hirarrakin a manhaja, ta tauna ta tofar, na miƙa wa Farfesa ban saurara ba. Shi ya zaɓi ta Maame a matsayin wadda za a kunna wa baƙi, don muryarta ta fi fita.

Na gaya wa kaina doka ce, ba laifina ba. Kuma da na gayyace ta, gayyatar baki na yi, don na san ran Litinin masu kwalekwale suna sauke kifi, ko sarki ne ya kira ta ba za ta bar murhu ba.

Da yammacin Litinin ta bugo waya ta ji yadda aka yi. Da ina da wayo da na ce an yi lafiya, an tafa. Amma mutum ba ya saurin yi wa matar da ta yi masa wanka ƙarya, sai na ji bakina yana cewa an ɗaga zuwa gobe.

"Gobe Talata," in ji ta.

Na ce haka ne.

"To ka ga ikon Allah. Ka ce su ajiye mana kujeru."

Ban tambayi ko su nawa ne ba, don na ji tsoron amsar. Na garzaya wurin Farfesa na roƙe shi a sauya hirar da wata, ko ta Egya Ato, tsohon masuncin da ya shafe awa guda yana bayanin ƙullin igiya. Ya ce an riga an buga a takardar shiri. Na ce to a ba ni asalin hirar wadda ba a taɓa ba. Ya tuna mini cewa asali yana kulle a akwatin ƙarfe a ofishinsa, bisa doka ta bakwai, wadda ni na goyi bayanta a zaman kwamiti. Da na gaya masa mai hirar da kanta za ta zo, sai fuskarsa ta washe. Ya ce ai wannan shi ne abin da masu ɗaukar nauyin taro ke so su gani, al'umma a cikin zaure, kuma a tabbatar mai hoto yana kusa.

Ƙarfe takwas da rabi na safe motar haya ta tsaya a ƙofar otal, ta fara amayar da mutanen Otukrom. Na ƙirga goma sha tara. Matan zumunta sun yi anko fari da shuɗi, Egya Ato ya yafa mayafinsa na zuwa jana'izar manya, Maame kuma ta sauko a ƙarshe da kwando a kai, cike da dokunu, tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da yaji, don ta ce ba a zuwa wurin baƙi hannu sake. Mai gadin otal ya ce ba a shiga da abincin waje. Ta dube shi. Shi da kansa ya ɗaukar mata kwandon zuwa ciki.

Na yi ƙoƙarin karkatar da su ɗakin cin abinci, in ce su ɗan huta kafin a kira su, da niyyar kada a kira su sai na gama. Ɗakin yana kulle sai ƙarfe goma. Haka muka wuce teburin rajista, inda kowane mahalarci ke karɓar kati mai igiya ya rataya. Katunan sun ƙare, don ba a yi lissafi da su ba. Maame ta tsaya tana bin wuyan mutane da kallo, ta tambaye ni mene ne kowa ya rataya. Na ce sunayensu ne, da muƙamansu.

Ta gyaɗa kai cikin gamsuwa. "Ka kawo mu wurin da ya dace, Fiifi. Waɗannan mutane sun san darajar suna."

Abin bai tsaya nan ba, don da Farfesa ya hau mumbari sai da ya yi minti ashirin da biyar yana gaishe da manya, kowa da sunansa uku da digirinsa da kujerar da yake kai da wadda ya sauka daga kai. Ya gaishe da wakilin wanda bai zo ba, ya gaishe da wanda bai zo ba ɗin. Duk sunan da ya kira sai in ga Maame ta ɗan rusuna daga zaune. Ta raɗa wa ta kusa da ita cewa wannan mutum an yi masa tarbiyya.

Kafin ni, Madam Annelies ce ta yi magana, baƙuwar da aka gayyato daga Holan don ta koyar da mu. Doguwa ce, rana ta mayar da ita ja, ta iya gaisuwa guda uku da Fanti, yarenmu, kuma tana amfani da su ko da lokacinsu bai yi ba. Ta yi bayanin yadda ake tsara bayanan bincike yadda wani zai neme su ya samu, ya buɗe, ya gane, ya yi aiki da su. Malamai suna ta rubutu. Egya Ato ya yi barci da bakinsa a buɗe, sanyin na'urar ɗakin ya yi masa daɗi.

Aka kira ni. Na ja jawabin iyakar ƙarfina, na yi tarihin kamun kifi tun zamanin da ba injin kwalekwale, ina fatan wuta ta ɗauke. A garin nan wuta tana ɗaukewa a tsakiyar ɗaurin aure, tana ɗaukewa ana tiyata, amma ranar ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Farfesa ya ɗaga mini takarda mai cewa saura minti biyar, sannan ya miƙa hannu da kansa ya kunna hirar. Majigi ya haska bango da rubutu: Mai amsa ta 14, mace, shekara saba'in zuwa saba'in da tara.

Muryar Maame ta cika zauren, tana buɗewa da addu'a kamar yadda ta saba. Mu Fanti a kirarin da muke yi wa Ubangiji har da Kwame, sunan da ake sa wa haihuwar ranar Asabar, kuma manhaja ba ta san wannan ba. Abin da ya fito daga lasifika shi ne, "Ya Madogarar bayi, ya tiiit, mun gode maka."

Matan zumunta suka dubi juna. Ni ban taɓa jin ƙarar manhajar ba sai a lokacin, kuma nan take na gane ta. Duk wanda ke sauraron shirin siyasa na safe a rediyo ya san ta. Ita ce ake dannawa in mai bugo waya ya fara ambaton iyayen ɗan majalisa. A Otukrom yara ma in suna faɗa a gaban manya sukan ce wa juna tiiit.

Muryar ta ci gaba a natse. "Ran nan da asuba na tashi na ce wa tiiit ya ɗauki abincinsa. Sai ga uwar tiiit ta shigo. Na ce mata, ke tiiit, ina ɗanki? Ta ce yana can tare da tiiit, ɗan tiiit, jikan tiiit na bayan coci."

Egya Ato ne ya fara, don ya farka daidai kan jikan. Ya ƙyalƙyale har mayafinsa ya zame. Matan zumunta suka toshe baki da gefen zane, kafaɗunsu suna rawa, ɗaya ta ce shekara arba'in tana bin Maame addu'ar asuba a coci ba ta san tana da wannan baiwar ba. Daga nan dariya ta tsallaka wurin malamai. Wani dakta daga sashen tarihi ya kwanta a kan teburinsa. Madam Annelies ba ta jin Fanti, tana ta waige-waige tana murmushin wanda ke jiran a fassara masa. Mai hoto kuwa yana ta aikinsa. Maame tana zaune ƙyam, hannayenta a kan cinya, tana kallon bango.

Sai muryar ta yi ƙasa. Ta ce, "Yanzu zan kira su, a riƙe." Aka ji ta ja numfashi.

Tiiit.

Shiru kaɗan, da ƙarar teku daga nesa a bayan muryar. Tiiit. Wani numfashin. Tiiit.

Mutanen Otukrom ne suka fara yin shiru, don su sun san abin da ake kira a jere da irin wannan numfashin. Na ga leɓen Egya Ato yana motsi, yana ƙirgawa. Malamai ba su sani ba, suka ci gaba, kowace ƙara tana ƙara musu, daktan tarihi yana share hawaye yana cewa tsohuwar nan ba ta da birki. Haka aka tafi har goma sha ɗaya. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan minti ɗayan ba, kuma ba na fatan in sake.

Maame ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, amma zauren ya mutu. Ta fuskanci Farfesa.

"Ɗana, wa na zaga?"

Farfesa ya gyara katin wuyansa, ya sauko da Fantinsa na gidan bene. Ya yi mata bayani cewa ba zagi ba ne, kariya ce. A ƙa'idar bincike ta duniya ana sakaya sunan mutane don kada wani abu ya same su.

"Kada me ya same su?" in ji ta. "Teku ya riga kowa."

Ya ce ai ita ma an kare ta, shi ya sa aka kira ta Mai amsa ta 14.

"Ni ce ta sha huɗu? A gidanmu ni ce ta fari." Ta juya ta dubi bangon da ba ta iya karantawa. "Kai ka yi rabin safiya kana kiran sunan mutanen da ke zaune a gabanka suna shan ruwan gora, har da wanda bai zo ba. Na ce wannan ɗan halak ne. Ashe naku ake kira, namu a danne."

Farfesa ya ga ruwa ya kai masa wuya, sai ya nemi tudu, tudun kuwa ni ne. Ya buɗe jaka ya zaro takardar amincewa, ya ɗaga ta sama, ya ce ga dangwalenta, ita da kanta ta zaɓi a sakaya. Maame ta dubi babban yatsanta kamar yau ta fara ganinsa. Ta ce ita dai ta san ta dangwala inda aka nuna mata, amma wannan ƙaramin makin da ke sama, da alƙalami aka yi shi, ita kuwa rabonta da riƙe alƙalami tun da aka haife ta. Ba ta tambayi wanda ya yi ba. Ta dai juyo da kallon nan.

A nan Madam Annelies ta matsa sai an gaya mata abin da ke faruwa, kuma da yake ni ne a tsaye, ni aka sa na fassara tonon asirina da bakina. Ta saurara har ƙarshe, jan fuskarta ya ƙaru. Ta ce ba wata ƙa'ida a duniya da ta ce a ɓoye sunan wanda ke so a faɗi sunansa. Sakayawa don wanda magana za ta cutar aka yi ta, kuma mai magana ake tambaya, ba manhaja ba. Ta ce wannan shi ne darasinta na biyu, na ran Litinin, wanda aka yanke saboda babban baƙo ya makara. Farfesa ya gyaɗa kai da ƙarfi ya ce abin da yake ta faɗa ke nan tun farko.

Na ɗauka an gama da ni, ashe ba a fara ba. Maame ta tako har gaban mumbari, ta tsaya inda nake jin ƙamshin hayaƙin banda da ko sabulu bai taɓa fitarwa daga zanenta ba.

"Fiifi, ka saurari abin nan kafin ka kawo shi gaban mutane?"

Na ce a'a, Maame.

"Ranar da muka yi hirar ma, da na zo kan sunaye, ka tashi ka fita amsa waya."

Na ce haka ne.

"Wayar ba ta yi ƙara ba. Tsufa na yi, ban kurumce ba."

Gaskiyarta. Ba dokar Farfesa ce ta sa na miƙa wa manhaja hirar ba tare da na saurara ba, dokar ta dai zo mini a daidai. Tun ina yaro, duk shekara in za a tafi bakin ruwa kiran sunaye sai cikina ya yi ciwo, da na girma kuma sai aiki ya riƙe ni a birni. Na iya rubuta shafi ɗari uku a kan masunta, amma ba na iya zama in ji jerin nan, domin na san wanda ke na tara a jerin, kuma ina tsoron abin da zai same ni in na ji.

Ta miƙa hannu, na ba ta makirufo. Ta riƙe shi nesa da baki kamar tana riƙe da kifin da bai gama mutuwa ba, ta fara.

"Ekow Bentum, mai kwalekwale."

Mutanen Otukrom suka miƙe tsaye, suka amsa da ƙaramar murya yadda ake yi a bakin ruwa. Malamai suka dubi juna, su ma suka miƙe, katunansu suna lilo. Ta kira Kwesi Ackon da ƙanensa Ebo. Ta kira Kojo Arhin wanda aurensa saura sati biyu. A na biyar wata daga cikin matan zumunta ta zauna ta rufe fuska, don wanta ne. Daktan tarihi ya sunkuyar da kai, bai sake ɗagowa ba. Ta kira na shida, na bakwai, na takwas, kowanne da numfashinsa.

Sai ta tsaya, ta kama katin da ke wuyana ta ɗaga shi.

"Ka ce mini sunanka ne a nan. Rabinsa na wane ne?"

Na dubi katin: Entsie, sunan mahaifina. Ta tura mini makirufo a hannu ta ce suna na tara ni zan kira shi, ita ta ɗauke mini shi shekara talatin da bakwai, hannunta ya gaji.

Na kai shi bakina, na matsa kusa da lasifika ban sani ba. Ina buɗe baki na'urar ta ƙwala wata irin ƙara mai huda kunne, doguwa, tiiiiit, har Madam Annelies ta toshe kunnuwa.

"To," in ji Egya Ato daga baya, "shi ma ya zagi uban nasa."

Dariya ta ɓarke, ta mutanen da hawaye ke idonsu, har Maame sai da gefen bakinta ya motsa. Ta karɓe makirufon ta ajiye a kan teburin Farfesa, kusa da ruwan gorarsa.

"Bar ƙarfen nan. Ba shi ya haife ka ba."

Na ce, "Kobina Entsie." Muryata ta fito ƙarama, irin ta ɗan shekara huɗu da aka ɗora a kafaɗa a bakin ruwa ana jiran kwalekwale. Mutanenmu suka amsa. Abin da na yi shekaru ina tsoro ya same ni, a gaban abokan aikina da baƙuwa daga Holan da mai hoto, kuma ban mutu ba. Maame ta bar ni na gama, sannan ta kira na goma. Na goma sha ɗaya mijinta ne, shi ta kira a hankali fiye da sauran.

Da aka zauna, Madam Annelies ta tambaya ko an ɗauki wannan, don a ganinta shi ne abu mafi daraja da aka faɗa tun da aka buɗe taron. Ba wanda ya ɗauka. Farfesa ya hana ɗaukar murya a zauren tun ran Litinin, bisa doka ta huɗu, sai an cika takarda. Ya yi saurin cewa ba komai, asali yana nan a akwatin ƙarfe, gobe zai buɗe.

Maame ta ce ya bar shi a kulle. Ta ce wancan kujera ta yi wa shi, don mai tambayar ya fita amsa waya. Ta sa aka buɗe kwandon a kan teburin manya, aka ture takardun shiri gefe, farfesoshi suka nannaɗe hannun riga suna ɓare dokunu, shinkafar otal ta yi kwantai. Tana zuba wa Madam Annelies yaji ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, Talata mai zuwa in zo gida da na'urata da sabuwar takarda, in karanta mata gurbin nan biyu da Fanti ta zaɓa da kanta, wayata kuma in bar ta a mota.

Na je. Ta ɗauro zanen coci, ta zauna a inda ta zauna wancan karon, ta fara da faɗin sunanta cikakke, Kukua Essilfie, ta ce a rubuta shi da manyan baƙaƙe. Da ta zo kan na takwas ta ɗan dakata ta dubi ƙofa, sannan ta dube ni. Ina nan a zaune.